DAGA TASHAR MOTA ZUWA KUJERAR JIRGI: Yadda Ake Shiga Filin Jirgin Sama Na Malam Aminu Kano

Wannan jawabi ne da aka shirya domin ɗaliban azuzuwan manya na Fagge da Sabon Gari. An buga shi a nan domin mutanen karkara su ma su amfana. A karanta shi a hankali. A kuma karanta wa wanda zai yi tafiya.



Duk wanda ke zaune a Sabon Gari ko Fagge ya saba da ƙarar jirgin sama. Safe da yamma yana wucewa ta saman kasuwa. Amma jin ƙarar jirgi daban, shiga filin jirgi daban. Akwai dattijon da ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗin Makka. Ya sayar da sa, ya sayar da gyaɗa. Ranar tafiya ya iso bakin filin jirgi, sai ya rasa ƙofar da zai bi. A nan ne ɗan cuwa-cuwa ke samun sa.

Filin jirgi ba wurin tsoro ba ne. Ƙofofi ne a jere, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙofa da jami'inta. Kowane jami'i da takardar da zai nema. Wanda ya san jerin ƙofofin nan ba ya bukatar ɗan tsakiya. Abu uku ne matafiyi zai riƙe da kansa, kada ya danƙa wa kowa: takardunsa, da kayansa, da lokacinsa. A kan waɗannan uku jawabin nan zai tsaya.

TARIHIN FILIN A TAƘAICE

Kano ce gari na farko da jirgin sama ya sauka a Nijeriya. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka iso daga ƙasar Masar. Zamanin Sarkin Kano Usman ne. A 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara jigilar wasiƙu da fasinja. Saboda haka filin Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan.

A da, jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka sukan yada zango a Kano su sha mai. A shekarun 1950 har akwai mai busa kakaki bisa raƙumi, yana sanar da mutane jirgi ya iso. Daga baya aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983.

Kafin zuwan jirgi, alhazai da ƙafa suke tafiya, ko bisa jaki da raƙumi. Su ratsa Barno da Cadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya. Wasu sai sun yi shekaru a hanya. Wasu ma a Sudan suka zauna, jikokinsu na can har gobe. Yau daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne. Tafiya ta yi sauƙi, amma ta zo da ƙa'idojinta.

SHIRI TUN DAGA GIDA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fita ƙasar waje takardu huɗu zai tanada.

Ta farko fasfo. Hukumar Shige da Fice ce kaɗai ke bayar da shi. Tun 2007 fasfon Nijeriya na zamani ne, yana ɗauke da hoton mutum da zanen yatsunsa. Don haka dole mai fasfo ya je ofis da kansa. Ba a aike. Sai kuma da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Akwai fasfo mai shekara 5, akwai mai shekara 10. A buɗe shafin da ke da hoto, a duba ranar da zai ƙare. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai saura wata 6 ba.

Ta biyu biza. Ita ce izinin shiga ƙasar da za a je. Kowace biza da aikinta. Ta Umra daban, ta Hajji daban, ta aiki daban. Wanda ya ce zai kai mutum aikin Hajji da bizar ziyara, jefa shi zai yi cikin wahala.

Ta uku katin rigakafi, mai launin ɗorawa. Shi ke nuna an yi wa mutum allurar cutar shawara. Mai zuwa Hajji ko Umra ana neman ya yi ta sanƙarau, a kuma ɗiga masa maganin shan-inna. A yi allura da wuri, aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Kada a sayi kati ba tare da an yi allura ba. Katin ba ya tare cuta, allurar ke tarewa.

Ta huɗu tikiti. Sunan da ke tikiti dole ya zama daidai da na fasfo, baƙi da baƙi. In fasfo ya ce Muhammad, tikiti ya ce Mamman, an sami matsala. A gyara tun ana gida.

Mai tafiya cikin gida, kamar Legas ko Abuja, ba ya bukatar fasfo ko biza. Tikiti da katin shaida mai hoto sun isa.

Maniyyata kuma ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiharsu suke bi. A sama akwai Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006. Maniyyaci ya halarci bita a ƙaramar hukumarsa. Kuɗin kujera a banki ake biya, a karɓi rasit.

YADDA AKE KARANTA TIKITI

Tikiti da Turanci ake rubuta shi, amma abin da matafiyi ke bukata kaɗan ne.

Kowane filin jirgi yana da baƙaƙe uku. KAN shi ne Kano. JED Jidda. MED Madina. LOS Legas. ABV Abuja. Wanda ya haddace waɗannan ya san inda jirginsa ya dosa.

Wata ma baƙaƙe uku ake rubuta shi. A lura da masu kama da juna. MAR Maris ne, MAY Mayu ne. JUN Yuni ne, JUL Yuli ne.

Lokaci kuma da lissafin awa 24 ake rubuta shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. In lambar ta wuce 12, sai a cire 12. Misali, 14:00 ƙarfe 2 ne na rana. 17:30 ƙarfe 5 da rabi ne na yamma. 21:00 ƙarfe 9 ne na dare. In lambar ba ta kai 12 ba, to safiya ce ko tsakar dare. 06:00 ƙarfe 6 ne na safe.

Ga wani tarko da ke kama mutane. A wajen ma'aikatan jirgi, sabuwar rana tana farawa ne da ƙarfe 12 na dare. In an rubuta jirgi zai tashi 01:00 ranar Talata, to Litinin da dare mutum zai kasance a filin, wayewar garin Talata. Wanda ya bari sai Talata da yamma, zai tarar jirginsa ya daɗe da sauka a wata ƙasa.

HAƊA KAYA

Kaya iri biyu ne. Akwai babbar jaka, wadda ake sa wa a cikin ɗakin kaya na jirgi. Akwai jakar hannu, wadda mutum ke shiga da ita. Kowane kamfani yana da iyakar nauyi, kuma an rubuta a tikiti. Yawanci jakar hannu ba ta wuce kilo 7 ko 8. A auna kaya tun a gida, ko a sikelin masu hatsi. Abin da ya haura, kuɗi ake biya, kuma da tsada.

A jakar hannu ake sa fasfo da tikiti da kuɗi da waya da magani. A ƙara da tufa ɗaya ta canji. Abin cajin waya mai batir, wanda ake kira fawa-banki, shi ma a jakar hannu yake tafiya, ba a babbar jaka ba, saboda gudun gobara.

Wuƙa da aska da almakashi da reza ba sa shiga jakar hannu. Abu mai ruwa-ruwa, kamar turare ko zuma ko man shafawa, ba a barin kwalbar da ta fi mililita 100, wato kamar ƙaramin kofin shayi. In ta fi haka, a sa ta a babbar jaka. Fetur da kananzir da tukunyar gas da risho mai mai a ciki, ba sa shiga jirgi ko ta wace jaka.

Mai ciwon suga ko hawan jini ya bar maganinsa a cikin kwalinsa na asali. Ya riƙe takardar likita. Kada a juye ƙwayoyi a leda. Masu zuwa Saudiyya su sani an hana shiga da goro. Kullum hukumar alhazai na nanata wannan.

Mai kaya shi zai haɗa kayansa da hannunsa. Ya kulle da kwaɗo. Ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a jikin jaka, ciki da waje. Ya ɗaura wani ƙyalle mai launi a hannun jakar, domin jakunkuna suna kama da juna.

HANYAR ZUWA FILIN

Filin yana arewa da Sabon Gari, ba nisa. Manyan hanyoyi biyu ne ke kai mutum. Akwai titin da ake kira Airport Road, wanda ya bi ta gefen Sabon Gari. Akwai kuma titin Katsina, ta wajen Sansanin Alhazai.

Wanda ya fito daga Katsina ko Daura ko Kazaure ko Bichi, ta arewa zai shigo, filin na kusa da shi. Wanda ya fito daga Haɗeja ko Gumel ko Ringim, yawanci a 'Yankaba zai sauka. Wanda ya fito daga Zariya ko Wudil ko Rano, ta Na'ibawa ko Unguwa Uku zai shigo. Wannan sai ya ratsa gari, don haka ya ƙara lokaci.

Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano. Tasi ko Adaidaita Sahu mutum zai nema. A yi ciniki kafin a hau. A tambayi direba: har bakin gini zai kai, ko a ƙofar waje zai sauke? A kuma yi maganar kuɗin shiga, domin motoci na biya a ƙofar filin. Kada a bari sai an isa a fara musu, ga kaya, ga lokaci na tafiya.

A tuna da cunkoso. Wajen Bata da Kasuwar Sabon Gari da Singa da Kantin Kwari, hanya kan cushe da rana tsaka da yamma. Ranar Juma'a kuma akan rufe wasu tituna lokacin salla. Mai fita ƙasar waje ya isa filin awa 3 kafin tashi. Mai tafiya cikin gida ya isa awa 2 kafin tashi. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Jirgi ba motar tasha ba ce. Ba ya jiran ya cika, ba ya jiran mai alwala. In ƙauyen mutum da nisa, gara ya kwana a Kano wajen dangi.

Mai bukatar kuɗin waje ya canza tun kafin ranar. Wapa da ke Fagge ta yi suna wajen canji. A je da wanda ya san kuɗin, a ƙirga a gaban mai canji. Wanda ke ɗauke da abin da ya haura dalar Amurka 10,000, doka ta ce ya bayyana wa jami'an kwastan.

Maniyyata ba kai tsaye suke zuwa filin ba. Ana kiransu a rediyo, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Su hallara a Sansanin Alhazai, a tantance su, sannan a kwashe su a mota. Maniyyaci ya riƙa sauraron rediyo, wayarsa kuma ta kasance a buɗe.

ƘOFOFIN DA AKE BI

Hukumar FAAN ce ke kula da filin. Akwai sashen jiragen cikin gida, akwai na ƙasashen waje. Allon da aka rubuta DOMESTIC na cikin gida ne. INTERNATIONAL na ƙasashen waje ne. DEPARTURES wurin masu tafiya ne. ARRIVALS wurin masu sauka ne. Waɗannan kalmomi huɗu, a kwafe su a takarda a sa a aljihu.

Ƙofa ta farko ita ce ta shiga gini. A nan rakiya ke ƙarewa. A yi ban kwana da addu'a a waje. Matafiyi ya nuna tikiti, a sa kayansa cikin na'urar da ke ganin abin da ke ciki. Mai fita waje zai iya haɗuwa da jami'an kwastan, da na NDLEA, wato hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989. In sun ce a buɗe jaka, mai ita ya buɗe da kansa, ya tsaya a kanta, ya rufe da kansa.

Ƙofa ta biyu ita ce teburin kamfanin jirgi. Sunan kamfanin na rubuce a sama. A nan ake auna kaya. A liƙa wa kowace jaka doguwar takarda mai baƙaƙe uku na garin da za a je. Matafiyi ya duba da idonsa. In Jidda za shi, ya ga JED. Sannan a ba shi abu biyu: katin shiga jirgi, da ɗan ƙaramin tikitin kaya. Jaka ɗaya, tikiti ɗaya. Jaka biyu, tikiti biyu. Yawanci ana rufe wannan tebur kamar awa ɗaya kafin jirgin ƙasar waje ya tashi. Wanda ya zo bayan an rufe, roƙo ba ya amfani.

Ƙofa ta uku ta masu fita waje ce. Jami'an lafiya su duba katin rigakafi. Jami'an shige da fice su duba fasfo da biza, su buga hatimi. Za su iya tambaya: ina za a je, me za a je yi, yaushe za a dawo? A ba da amsa gajeriya, ta gaskiya.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta binciken jiki. A zuba waya da makulli da agogo da tsabar kuɗi a faranti. Wani lokaci har takalmi da bel. Mutum ya wuce ta wata ƙofa mai ƙara in ta ji ƙarfe. Mace ce ke bincikar mace. Mai niƙabi tana da damar ta nemi jami'a mace ta duba fuskarta. Da an wuce, a kwashe abin da ke faranti, a ƙirga.

Duk waɗannan ƙofofi huɗu, ba a sayen wucewa. Kuɗin da hukuma ta ɗora wa fasinja yawanci yana cikin kuɗin tikiti. Duk wanda ya nemi kuɗi, a ce ya ba da rasit. Ma'aikacin gaske yana da kayan aiki da katin shaida rataye a wuya. Wanda ya tare mutum a waje ya ce, “Alhaji, kawo fasfonka in taimake ka,” a gode masa a wuce. Fasfo ba ya barin hannun mai shi sai a gaban tebur, kuma idonsa na kai.

KADA A KARƁI SAƘON KOWA

Jama'a, nan ne wurin da ya fi kowane muhimmanci.

Bahaushe mutum ne mai kara. In aka ce, “Baba, don Allah ga ɗan saƙo ka kai wa ɗan'uwana a Makka,” kunya ba ta barinsa ya ƙi. To, a filin jirgi babu kara. Doka ta ce duk abin da aka samu a jakar mutum nasa ne. Masu fataucin ƙwaya sun san haka. Shi ya sa suke neman tsofaffi da mata da wanda bai taɓa tafiya ba. Sukan ɓoye ƙwaya cikin garin kunu ko takalmi ko gwangwanin abinci. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Disambar 2018 wata matashiya ta tashi daga filin Kano zuwa Umra. Aka kama ta a Saudiyya, saboda an sami ƙwayar tiramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken NDLEA ya nuna jakar ba tata ba ce. Wasu ɓata-gari ne suka liƙa sunanta a jikin jakar ba da saninta ba, kuma an kama su. Duk da haka sai da ta yi wata huɗu a tsare. A ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnatin tarayya ta shiga maganar.

Darasin a bayyane yake. Matafiyi ya san adadin jakunkunansa. Ya tsaya a gaban tebur har ya ga an liƙa musu takarda, sun shige. Ya tambayi ma'aikaci, “Jaka nawa aka rubuta da sunana?” Ya adana ƙananan tikitin kayan nan kamar kuɗi, har ya dawo gida. In da waya mai hoto, a ɗauki hoton jakunkunan a kan sikeli. Wanda ya ce nasa kayan sun yi yawa, a ara masa sauran nauyi, a ba shi haƙuri. Kada a riƙe wa baƙo jaka ko da zai zaga bayan gida ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A ƊAKIN JIRA

Bayan ƙofa ta huɗu sai ɗakin jira. A nan mutum zai zauna ya duba katin shiga jirgi. Abu uku ne a jiki. GATE ita ce ƙofar da za a fita zuwa jirgi. BOARDING TIME shi ne lokacin fara shiga. SEAT ita ce kujera. Akwai kuma lambar jirgi, baƙaƙe da lambobi a haɗe. Da ita ake kira a lasifika. Wanda bai ji da kyau ba ya nuna katinsa ga ma'aikaci. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai wurin salla da wurin alwala. Akwai makewayi, na maza daban, na mata daban. Hoton mutum mai wando na maza ne, mai siket na mata ne. A yi amfani da su kafin a shiga jirgi, domin na cikin jirgi ƙanƙane ne, kuma ba a zubar da ruwa a ƙasansa. Akwai masu sayar da abinci da ruwa, amma sun fi na gari tsada. A tambayi kuɗi kafin a ci.

Tsoho ko marar lafiya da ba ya iya doguwar tafiya yana da damar a tura shi a keke. A faɗa wa kamfani tun lokacin sayen tikiti. Mace mai juna biyu ta ga likita kafin ta sayi tikiti, domin in ciki ya tsufa kamfanoni ba sa ɗauka.

Wani lokaci jirgi kan yi latti. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sararin Kano, matuƙi ba ya ganin hanya sosai. In haka ta faru akan jinkirta tashi. Wannan don kare rai ne. A yi haƙuri, kada a yi nisa da ɗakin jira, a riƙa sauraron sanarwa.

A CIKIN JIRGI

Kujera tana da lamba da baƙi, kamar 24A. Lambar ita ce layi, baƙin shi ne gurbi. A kullum A tana jikin taga. Kowa ya zauna a tasa. A sa jakar hannu a akwatin sama. A ɗaura bel. A kashe waya in an ce a kashe. Ba a shan taba. In kunne ya toshe lokacin tashi ko sauka, a haɗiyi yawu, zai buɗe. Abincin da ake rabawa a jirgin ƙasar waje yawanci yana cikin kuɗin tikiti. Maniyyacin da zai sauka Jidda ya wuce Makka ya tambayi malaman bita inda zai ɗaura harami. In an sauka Saudiyya a gyara agogo, domin suna gaban Nijeriya da awa 2.

RANAR DAWOWA

Mai dawowa zai bi ƙofofin ne a juye. Jami'an shige da fice su buga hatimi. Sannan ya je wurin da jakunkuna ke fitowa a kan wani bel mai zagayawa. Ya ɗauki tasa, ya gwada lambarta da ɗan tikitin da ke hannunsa. In jaka ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, ya kai rahoto teburin kamfani nan take, a ba shi takarda. Kada ya bar filin ba tare da takardar ba. Daga nan sai kwastan, sai waje.

Masu tarya su jira a wajen ƙofar ARRIVALS. Ba sai an cika mota da mutanen gari ba. Mutum biyu ko uku sun isa. Ɗaya ya kula da kaya, domin cikin murna da rungume-rungume ne jaka ke yin ƙafa.

KAMMALAWA

Kafin ranar tafiya, matafiyi ya zauna da tikitinsa. Ya karanta shi da kansa, ko ya sa ɗansa ko malamin ajinsa su karanta tare. Ya san rana, ya san awa, ya san baƙaƙe uku na garin da za shi. Ya haɗa kayansa da hannunsa, ya ƙirga su. Ya rataya fasfonsa a ƙaramar jaka a wuya. Ya fito da wuri. Ya bi ƙofofi huɗu ɗaya bayan ɗaya. In ya rikice, ya tambayi mai kayan aiki. In aka ba shi saƙo, ya ce a yi haƙuri.

Wanda ya ji wannan ya faɗa wa maƙwabcinsa. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya, ya tarar da iyali lafiya. Amin.